Faifan Duwatsun Goggo

Wata guda cur na yi ina tsintar dutse kafin Goggo ta yarda na taɓa allura. A 1977 ne, ina da shekara goma sha ɗaya, a gidanmu na cikin birnin Kano, inda in iska ta kaɗo da hantsi har tsakar gida ake jiyo hayaniyar Kasuwar Kurmi. Goggo yayar mahaifinmu ce. Da mijinta ya rasu ta fita takaba, sai Baba ya je ya ɗauko ta, aka gyara mata ɗakin da ke kusa da rijiya, aka kuma ba ta ni riƙo, tunda Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zo da gadonta mai rumfa, da jeren kwallayenta, da wani akwatin ƙarfe da ba ta barin kowa ya buɗe. A cikinsa sana'arta take: gwangwanaye da kwalabe da ƙulle-ƙullen tsumma, kowanne da irin dutsen da ke cikinsa.

Shirya duwatsun ado ne aikinta. Jigida, abin wuya, abin hannu, da gyaran carbin da ya tsinke. Ba ta ɗora wa kowa talla. Dillaliya ce ke zaga gidaje da abin da ta shirya, ta komo mata da kuɗi da kuma sabon aiki a ƙulle a bakin mayafi.

Kowace safiya, in mun gama shara da wanke-wanke, takan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, daidai wurin da hasken rana ke sauka amma zafinta bai iso ba. Sai ta ɗauko faifai ta rufe shi da wani yankin tsohon farin zane, ta juye mini gwangwani guda na gaurayen duwatsu a kai. Zanen nan yana da dalili. Dutse a kan tire ko tasa gudu yake yi, kina taɓa ɗaya goma sun gangara; a kan ƙyalle kuwa inda aka ajiye shi nan yake zama. Farin kuma shi ke fito da ainihin launi, don shuɗi mai duhu da baƙi ba sa rabuwa a kan zane mai fure.

Ranar farko na ware su launi-launi, na miƙa mata ina murna. Ta duba, ta sa yatsa ta sake cakuɗa su.

"Launi ai kowa na gani, 'yar nan. Huji nake so ki gani."

Ta ɗauki ƙwaya biyu jajaye masu girma ɗaya, ta ɗaga su wajen haske ta ce in leƙa. Ɗaya hujinta a tsakiya yake, bakinsa sumul. Ɗayar hujin ya karkace, bakin kuma da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Ta ce mai karkataccen huji duk inda aka sa ta sai ta ɗaga kai ta ɓata layi. Mai kaifin kuwa ita ce ɓarauniya: a hankali take cin zare, ba wanda ya sani, har ranar da za ta watsa wa mai abin kayanta a tsakiyar mutane. Masu karkacewa takan ajiye su don mai koyo. Masu kaifi kwalbarsu daban, kuma ban taɓa ganin ta zura ko ɗaya a zare ba.

Haka na yi ta yi, launi, sai girma, sai huji, har idona ya saba, yatsuna suka riƙa gane dutse mai aibi tun kafin in ɗaga shi. A lokacin gani nake horo ne kawai. Yanzu da yara mata ke zuwa wurina da ledojin duwatsu suna cewa in koya musu, daga nan ni ma nake fara musu, ko da yake mako guda nake sa su, don na san ba za su jure wata ba.

Da ranar zare ta zo, ƙananan duwatsun nan masu kama da ƙwayar gero da nake kwaɗayi ba su ta ba ni ba. Manya ta zubo, duwatsun Bida, kore da ruwan ƙasa da shuɗi, masu hujin da ko tsinken tsintsiya zai wuce. Ta ce mai koyo ya fara da abin da hannunsa zai iya riƙewa, idonsa kuma ya iya ganin kuskurensa. Duwatsun nan na Nufawan unguwar Masaga ne, waɗanda ke narka kwalabe a murhun laka, su naɗo narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe, in ya huce su zare sandar, gurbinta ya zama huji. Shi ya sa launinsu launin kwalba ne, kuma ba za ka sami biyu da suka yi daidai wa daida ba. Ina son su har gobe. Suna da nauyi da sanyi a tafin hannu, da wata ƙara mai taushi in sun haɗu da juna, wadda na roba ba su da ita.

Sai dai abin da Goggo ta fi ɓata lokaci a kansa shi ne wanda mai saye ba ya gani. Takan ce dutse ba ya tsufa, zare ne ke gajiya. Ba ta taɓa zura dutse a sili ɗaya ba. Farin zaren auduga mai ƙwari take saye, ta auna, ta ninka shi biyu, in dutsen mai nauyi ne ta ninka huɗu, sannan ta murza shi a cinya har ya zama siririn kirtani. Daga nan sai kakin zuma. Tana da wani dunƙule da ya yi baƙi don daɗewa, jikinsa duk sawun zare ne layi-layi. Takan ja zaren ta kansa sau uku, ta bi shi da yatsa biyu ta shafe. Kakin na hana zare tsefewa da harɗewa, yana sa bakinsa ya yi tsini har ya shiga manyan duwatsu ba sai da allura ba, yana kuma tare gumi, wanda shi ne babban abokin gabar duk abin da ake ɗaurawa a wuya ko a ƙugu a garin zafi irin namu. Har yau in na shiga wurin masu zuma na ji ƙanshin kaki, bakin ƙofar Goggo nake tunawa.

Kuma ba ta ƙyashin zare. Duk tsawon da aka auna sai ta ƙara taƙi guda a kowane gefe, don ƙulli na bukatar wurin kamawa. Wadda ta yanka zare daidai da awo, in ta zo ƙarshe za ta tarar da ɗan guntun da yatsa ba ya iya riƙewa, sai ta kwance aikin duka. Kafin ta zura dutsen farko, takan ɗaura wata ƙwaya guda a wutsiyar zaren da sassauƙan zarge, wadda take kira mai gadi, don kada abin da aka shirya ya sulale ta baya in an ɗaga. In an gama sai a kwance ta a mayar gwangwani.

Wajen awo ba ta yarda da ido ba. In aka ce mata ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ta ce wannan a kai wa masu hatsi. Kirtani take bai wa dillaliya, a je a zagaya shi a ƙugun mai jigidar ko wuyanta, a ƙulle daidai inda ya haɗu, a dawo mata da shi. Sai ta ƙara faɗin yatsa biyu, don mutum yana zama yana tashi, yana kuma cin abinci. Akwai wani abu da na daɗe ban gane ba sai da na yi wa kaina abin hannu da manyan duwatsu ya ƙi haɗuwa, alhali na auna daidai. Babban dutse yana cinye fili ta ciki. Zaren a tsakiyar dutse yake bi, rabin kaurin dutsen kuwa yana tsakanin zaren da fata, saboda haka gwargwadon girman dutse, gwargwadon abin da za a ƙara a tsawo. Goggo ba ta yi mini wannan lissafin da baki ba. Ta bar ni na gwada sau biyu, sannan ta miƙo mini ƙwaya biyu ta ce in ƙara.

Ba a fara abin wuya daga gefe. A kan ƙyalle ake jera shi tukuna, a lanƙwashe kamar yadda zai kwanta a ƙirji, ba tare da zare ba. A fara ajiye uwar dutsen a tsakiya, sannan ɗaya dama ɗaya hagu, ana tafiya girman na raguwa har a kai ƙeya. Don haka yawan manyan duwatsun kullum mara ne, ba cika ba. Tsakanin manya takan sa ƙanana, su ne ke ba abin damar lanƙwasa. In ta gama jerawa sai ta miƙe tsaye ta dube shi daga nesa, wani lokaci ta bar shi a rufe da wani faifan har ta idar da Azahar ta sake dubawa. Sauya wuri a kan ƙyalle ba ya cin komai. A kan zare kuwa kwancewa ce. Launi uku ta iyakance mini. In mai abin ta aiko da ƙyallen atamfar da za ta ɗaura, Goggo ba ta bin launin da ya fi yawa a jiki. Ɗan launin da ya ɓuya a cikin furen take nema ta fito da shi, sai ka ga atamfar ta ƙara haske.

Sau ɗaya a wata muke shiga Kurmi. Takan yafa mayafi ta riƙe hannuna, mu kutsa ta lungunan nan da mutum biyu ba sa jerawa, mu wuce masu kayan doki da dukawa da masu turare, ƙanshin jan fata da na kanumfari na bin mu, har mu kai wurin masu duwatsu. Igiyoyi ne rataye tun daga bakin rumfa har ƙasa kamar labule. Akwai wani dattijo da take saye a wurinsa tun tana gidan miji.

"Barka da kasuwa, Alhaji."

"A'a, Goggo ce da kanta? Sannu da zuwa. Yarinya, gyara wa Goggo buzu."

Sai an gama gaisuwa, an tambayi iyali da jikin tsufa, kafin a taɓa kaya. Duk da amincin da ke tsakaninsu ba ta fasa gwaji, shi ma ba ya jin haushi. Takan ɗan ƙwanƙwasa dutse a haƙori: gilashi da dutsen gaske suna da sanyi da ƙara, roba kuwa ɗumi gare ta, ƙararta a dushe. Takan jiƙa bakin farin ƙyalle ta goga. In launi ya biyo ƙyallen, rini ne aka shafa a sama, ranar da mai shi ta yi gumi zai sauka a wuyan rigarta. Takan ja igiyar ta tsakanin yatsu ta ji ko girman ya daidaita tun daga farko har ƙarshe, don akwai masu sa kyawawa a baki su cusa tarkace a tsakiya. In ta zaɓa kuma, sai ta sayi fiye da abin da aikin ke ci. Ta ce dutsen da ka gani yau, in ka dawo bayan wata biyu ko ka same shi launin ya ɗan sauya, kuma ƙwaya ɗaya da ta bambanta ta isa ta ɓata sarƙa guda. Da wani yaro mai rumfa a gaba ya taya mana wasu masu sheƙi a rabin kuɗi, ko tsayawa ba ta yi ba. "Araha ba ta ado," ta ce, ta ja hannuna.

A rumfar dattijon nan na fara jin sunayen garuruwa a jikin dutse. Ga na Bida. Ga jan lantana, wanda a dā fatake Hausawa ke ɗauko ɗanyensa daga can saman kogin Kwara su kai Ilori, a huda shi a goge shi a kan dutsen niƙa har ya yi santsi. Ga waɗanda 'yan kasuwarmu na Gana ke zuwa da su, na mutanen Krobo, da ake dake kwalba ta zama gari, a zuba a ƙananan ramukan laka, a soka tsinken ganyen rogo a tsakiya, in an gasa tsinken ya ƙone ya bar huji. Ga tsakiya iri-iri. Murjani kuwa ba ya rataye a waje. A ƙulle yake a cikin tsumma a ƙasan akwati, sai wanda ya isa ake kwance wa. Goggo ta ce mini ba daga dutse ake fasa shi ba, a ƙarƙashin teku yake tsirowa, kuma sunansa na cikin Alƙur'ani, a Suratur Rahman, tare da lu'ulu'u. Ranar na koma gida na nemi wurin a allona da ɗoki. Bayan shekaru, ina koyarwa, na karanta cewa Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya lissafa duwatsun ado na birnin Banis a cikin hajar da ayari ke ƙetaro Sahara da ita, tare da allurai da madubai da takarda. Jan murjanin ma daga Bahar Rum yake. Sai na tuna tsumman nan na ƙasan akwati, na ce ashe abin da Goggo ke juyawa a tafin hannunta ya fi mu duka tafiya, a kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Murjani da duk wani dutse mai tsada, ƙulli take yi a tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta. Amfaninsa biyu: duwatsun ba sa gogar juna su cinye, in kuma ƙaddara ta sa zare ya tsinke, ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Yadda take yi shi ne ta yi zargen a sake, ta soka tsinin allura a cikinsa, ta tura shi da allurar har ya manne da jikin dutsen, sannan ta zare allurar tana ja. Na yi wata uku kafin ƙullina ya daina tsayawa nesa da dutse. Sauran duwatsu kuwa, waɗanda ba a ƙulla tsakaninsu, gargaɗinta ɗaya ne: kada a matse. Kafin ƙullin ƙarshe a naɗe abin ya yi da'ira, a ɗaga a gani. In an ɗaure shi yana miƙe kuma a matse, da an lanƙwasa zai ƙage kamar sanda, zaren ya yi ta shan wahala har ya tsinke. "Ki bar wa dutse wurin numfashi," in ji ta, wato kamar faɗin ƙaramar ƙwaya ɗaya.

Akwai ranar da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Bayan na shekara ina koyo, aka kawo aikin jigidar wata amarya, igiya shida, baƙa da ja. Jigidar dā ta ɓawon kwakwar manja ce, baƙa, ana yanka ta fale-fale. A lokacinmu ta roba mai launi ta riga ta cika kasuwa, ita aka kawo. Goggo na kwance da zazzaɓi, dillaliya kuma ta tsaya a kai sai an ba ta a ranar. Ni na ƙarasa igiya biyun ƙarshe. Na yi ƙulli, na ga jelar zaren ta fito ba kyau, sai na sa reza na yanke ta daidai gindin ƙullin. Kwana huɗu bayan haka dillaliya ta shigo ko sallamar kirki babu, ta ajiye ƙullin tsumma a gaban Goggo. Igiya ɗaya ta kwance a ranar kamu, a cikin ƙawaye da dangin ango.

Goggo ba ta dake ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta kwance bakin zaninta ta mayar da kuɗin aikin gaba ɗaya, ta ce a ba uwar amarya haƙuri. Sannan ta zaunar da ni, jikinta na rawar zazzaɓi, ta sake shirya igiyar ina kallo. Da ta yi ƙullin, sai ta mayar da jelar zaren cikin allura, ta bi da ita ta cikin duwatsun baya, ta sake wani ƙullin a ɓoye, ta ƙara wucewa, sannan ta yanke. Ƙullin da aka yanke a gindinsa ba shi da abin riƙewa, da ya ji motsi zai zame.

"Wadda ta ɗaura kayanki a jikinta ta ba ki amanar mutuncinta ne," ta ce. "Ba ta ga ƙullin ba, ta dai yarda da ke."

Na yi kuka a ranar, ba don tsoro ba. Amaryar nake tunani, wadda ban taɓa gani ba.

Da magariba ta yi ake rufe faifai. Goggo ba ta aiki da fitila, ta ce hasken fitilar ƙwai na yi wa launi ƙarya, yana kuma cin ido. Kafin a naɗe tabarma sai mun bi ƙasa da tafin hannu mun tsince duk abin da ya faɗi. Wannan dokar ta ƙara tsanani tun ranar da ƙanena mai shekara biyu ya cusa ƙwaya a hanci, sai da aka kai shi asibiti aka ciro. Duk mai wannan sana'a a gidan da ke da masu rarrafe, ta ɗauki wannan da gaske.

Carbi kaɗai ne ba ta karɓar ko kwabo a kansa. Tsofaffin unguwa kan aiko yara da shi a cikin hula ko a aljihu, a watse. Takan ƙirga sau biyu, ta sa ni in ƙirga na uku: 99, kashi uku, 33 kowanne, da alama a tsakani. In na 'yan Tijjaniyya ne, 100 ne, rabonsa kuma daban, ba ta taɓa haɗa su ba. In ƙwaya ta ɓace takan tona gwangwanayenta har ta samo mai kama. Shi carbi sakinsa ya fi na abin wuya yawa, don dole ƙwaya ta sami wurin gudu a ƙarƙashin yatsa. Ladanta, in ji ta, a sa ta a addu'a. Sauran aiki kuwa lissafinta ba ya kuskure: kuɗin dutse, kuɗin zare, la'adar dillaliya, sannan ladan hannu. Na ƙarshen nan shi 'yan koyo ke mantawa. Su yini a duƙe, su sayar a kuɗin dutse da ɗan abin da bai kai na katin waya ba, bayan wata uku su ce sana'ar ba ta da riba.

Yanzu kaya sun sauya. Duwatsun Sin sun cika Kurmi da Sabon Gari a ledoji, masu sheƙi kamar ƙanƙara, 'yan mata na saƙa jakunkuna da takalma da kwandon fure da su, abubuwan da Goggo ba ta taɓa mafarki ba. Ina jin daɗin ganinsu, kuma na koyi nasu kayan aikin. Amma kowane sabon zare da halinsa, sai an san shi. Zaren roba mai talewa, wanda ake abin hannu da shi, sai an ja shi an saki sau da yawa kafin a fara, in ba haka ba a hannun mai saye zai saki ya bar giɓi. A ƙulla shi a riɓanya, a ɗiga gam kaɗan, a ja ƙullin ya ɓuya cikin dutse mai faɗin huji. Zaren kamun kifi yana da ƙarfi amma santsi gare shi, ƙulli ɗaya ba ya riƙe shi, kuma dutse mai kaifi na yanka shi kamar yadda yake yanka auduga. Duwatsu masu nauyi sun fi son siririyar wayar nan mai rufin roba, wadda ba a ƙullawa, sai dai a matse ta da ɗan ƙaramin bututun ƙarfe. Filaya uku sun ishi mai farawa: mai zagayen baki don lanƙwasa waya, mai faɗin baki don matsewa, da mai yanka. Ƙaramin zoben da ke haɗa maɗauri da sarƙa kuwa, murɗa shi ake yi gefe da gefe. In aka wage bakinsa ba zai sake komawa daidai ba. Su yanzu da tef suke awo: abin hannun babbar mace wajen santimita 18, wato kamar ƙwaya 22 ko 23 in dutsen mai milimita 8 ne, abin wuya na yau da kullum kuma santimita 45. Duk da haka in mai abin na kusa, kirtani nake zagaya mata. Abin da ke damuna kawai shi ne saurin. Yarinya ta kalli bidiyo a waya da safe, da yamma ta sa hoton kaya tana neman masu saye, ba ta taɓa sa abin a jikinta ta yini da shi ta ga ko zai kai dare ba. Nakan ce musu na farko naki ne: ki sa, ki yi wanke-wanke da shi, ki kwana da shi, mako guda. In ya tsira, sai ki yi na sayarwa.

Goggo ta rasu a 1991, ina gidana da 'ya'ya uku. Akwatin ƙarfen ni ta ce a ba. A ƙasansa, a cikin tsumma, na sami murjaninta na aure, wanda ban taɓa ganin ta sa ba tun da ta dawo gidanmu. Ƙwaya 27 ne, da ƙulli a tsakanin kowacce. Na shekara tara ina sa shi a haka, sai da zaren ya yi baƙi ya fara laushi sannan na yarda lokacin sabuntawa ya yi. Na zauna da hantsi, na rufe faifai da farin ƙyalle, na ɗauki reza, na daɗe ban yanka ba. Da na fara, ƙwaya-ƙwaya nake bi, don kowace sai an yanke nata ƙullin. A wajen ƙeya na tarar da inda ta ɓoye jelar zaren: ta bi da ita ta cikin duwatsu bakwai, ba uku ko huɗu da ta koya mini ba. Na zaro wannan guntun a hankali, har lokacin da sauran ƙanshin kaki a jikinsa, na naɗe shi na sa a ƙaramar kwalba.

Sau uku ke nan ina sake masa zare. Na ƙarshe da babbar 'yata za ta aurar da tata 'yar, aka ce amarya za ta sa shi ranar kamu. Dunƙulen kakin Goggo ya ƙanƙance, bai fi ƙwayar dabino ba yanzu, amma ya isa. Na ninka zaren huɗu, na ja shi sau uku, na ƙirga duwatsun kafin in fara, na kuma ƙirga da na gama. Jelar na bi da ita ta cikin bakwai.